Nijar da Najeriya: Alkawarin Shugabanni da Ƙofar Ɗan Barto

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Matamaye zuwa Ɗan Barto, ya tsallaka Kwangwalam ya nufi Daura da Kano, ya san cewa ribarsa da hasararsa suna rataye da wani abu wanda ba a rubuta shi a takardar duwan, wato irin zaman da ke tsakanin shugaban da ke Yamai da takwaransa na Najeriya. In sun shirya, motoci su wuce; in sun ɓata, sanda ta sauka a kan hanya, hatsi ya yi tsada a nan, wake da dabbobi su rasa mai saye. Ma'aikacin gwamnati ma bai tsira ba, domin albashinsa a wannan kasuwa yake ƙarewa. Tushen wannan zama an kafa shi ne a shekarun yaƙin basasar Najeriya da ƴan shekarun da suka biyo baya, tsakanin Shugaba Diori Hamani da Janar Yakubu Gowon. Wanda ya san abin da mutanen biyu suka ƙulla, da abin da suka bari ba su ƙulla ba, zai gane dalilin da ya sa ƙofar ke buɗewa tana rufewa har yau.

Iyakar da ta ratsa gida ɗaya

Iyakar ƙasashen biyu ta kai kimanin kilomita 1,500, daga gaɓar kogin Kwara har zuwa tafkin Cadi. Faransa da Ingila ne suka shata ta a kan takarda da yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906, sa'an nan ayarin Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ya bi daji yana kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. A wannan yanki layin ya bar Daura da Zango a kudu, ya bar Kance da Matamaye da Magarya a arewa, alhali kuwa harshe ɗaya ne, auratayya ɗaya, tarihi kuma a sarƙe yake.

Bayan jini sai gyaɗa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar ƙasar Damagaram kudu ta nufa, da fari a bayan raƙuma da jakuna, daga baya a cikin manyan motoci, daga Kano kuma jirgi ya kai ta bakin teku a Ikko. Lokacin da Nijar ta sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, gyaɗa ce kan gaba cikin abin da ƙasar ke fitarwa waje. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA domin sayenta da fitar da ita, Matamaye kuwa tana da masana'antar matsar mai, kamar yadda Maraɗi da Magarya suka samu. Harajin talaka da albashin mushe duk daga buhun gyaɗa suke fitowa, buhun gabashin ƙasar kuma ba shi da hanya mafi kusa da ta Kano.

Zaɓin da Diori ya yi

Ranar 30 ga Mayu 1967 Kanar Ojukwu ya yi shelar ɓallewar gabashin Najeriya da sunan Biyafara, ranar 6 ga Yuli kuma aka fara ɓarin wuta. A watan Satumba na wannan shekara, taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da ya zauna a Kinshasa ya naɗa kwamitin shugabanni shida domin neman sulhu: Sarki Haile Selassie na Habasha, Tubman na Laberiya, Ankrah na Gana, Mobutu na Kongo, Ahidjo na Kamaru, da Diori Hamani na Nijar.

A watan Yuli 1968 kwamitin ya zauna a Yamai. Gowon ya zo ya yi bayaninsa, Ojukwu ma ya zo ya yi nasa, sa'an nan wakilan ɓangarorin biyu suka zauna a ƙarƙashin jagorancin Diori, suka tsara batutuwan da aka kai taron Addis Ababa a watan Agusta. Sulhu bai samu ba, amma ƙaramar ƙasa ta nuna cewa ƙofarta a buɗe take ga kowa, matsayinta kuwa ɗaya ne: Najeriya ta zauna dunƙule.

Wannan matsayi yana da tsada. Kwanaki kaɗan bayan an watse daga Yamai, ranar 31 ga Yuli 1968, gwamnatin Janar de Gaulle ta fito fili ta ce a warware rikicin bisa ƴancin al'umma na zaɓar makomarsu, wanda kowa ya fahimta a matsayin goyon bayan Biyafara; makamai kuma suka riƙa bi ta Libreville suna isa hannun ƴan tawaye. Kodibuwa da Gabon sun riga sun amince da Biyafara a watan Mayu, tare da Zambiya, Tanzaniya kuwa tun a watan Afrilu. Houphouët-Boigny kuwa shi ne babban aminin Diori cikin ƙungiyar Entente tun 1959. Ga shi baitulmalin Nijar yana dogara da agajin Faransa, ga malamai da mashawarta Faransawa a ofisoshi, ga kamfanin SOMAIR da aka kafa a 1968 domin haƙar yuraniyom a Arlit. Duk da haka Diori bai bi uban gida ba, bai kuma bi aboki ba.

Dalilansa ba ɓoyayyu ba ne. Hanyar jirgin da ke zuwa Fatakwal yaƙi ya toshe ta, saura ta Ikko, ita kuwa tana hannun gwamnatin tarayya. Jama'ar kudancin Nijar zuciyarsu tana tare da ƴan'uwansu na arewacin Najeriya. Shi kansa Diori bai daɗe da fita daga tawayen Sawaba na 1964 da 1965 ba, ya san cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shugaban da ya yarda a yanka ƙasar maƙwabcinsa, ya wasa wuƙar da za a yanka tasa.

Ladan bayan yaƙi

Yaƙi ya ƙare ranar 15 ga Janairu 1970, Ojukwu ya sami mafaka a Kodibuwa. Gowon ya shelanta afuwa da sasantawa a cikin gida, a waje kuma bai manta da waɗanda suka tsaya masa ba. Abin lura shi ne, shugabannin biyu ba su bar amincinsu a fatar baki ba. A watan Maris 1971 suka kafa Hukumar Haɗin Gwiwar Nijar da Najeriya, mai mazauni a Yamai, aka ɗora mata duba sha'anin sufuri, ciniki, makamashi, ruwa da lafiyar dabbobi. A 1972 aka ƙulla yarjejeniyar sayar wa Nijar wutar lantarki daga madatsar Kainji, wadda aka gama ginawa a 1968. Masana harkar ruwa sun daɗe suna danganta wannan ciniki da bukatar Najeriya ta kada a datse kogin Kwara daga sama. Ke nan kowane ɓangare yana da abin da ya bayar da abin da ya karɓa.

Ranar 15 ga Afrilu 1974 Laftanar Kanar Seyni Kountché ya kifar da Diori. Ranar 29 ga Yuli 1975 aka kifar da Gowon yana taro a Kampala, wata biyu bayan an sa hannu kan yarjejeniyar kafa CEDEAO a Ikko. Amma a 1976 wayar da ta taso daga Birnin Kabi ta kunna fitilun Yamai, alhali babu ko ɗaya daga cikin mutanen biyu a kan mulki. Daga baya aka ja wata wayar daga Katsina ta bi Gazawa, ta kai wa Maraɗi da Damagaram kuran. A watan Yuli 1990, a Maiduguri, ƙasashen biyu suka sa hannu kan rabon ruwan ƙoramun da suka haɗa su, har da Gulbin Maraɗi da Komadugu Yobe. Abin da aka rubuta aka sa masa ofis da ma'aikata, ya rayu bayan masu shi sun sauka.

Madubin Amurka da Japan

Domin a auna wannan zama, akwai wani misali mai nisa da ya cancanci dubawa, na babbar ƙasa da wadda ba ta kai ta ba, waɗanda su ma suka gina hulɗarsu bayan yaƙi. Bambancin a fili yake: Nijar da Najeriya ba su taɓa yaƙar juna ba, Amurka da Japan kuwa sun yi, har aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, Japan ta sa hannu kan miƙa wuya ranar 2 ga Satumba 1945. Sai dai matsalar da shugabannin Tokyo suka fuskanta ita ce ta kowane ƙaramin abokin tarayya: yaya za a zauna da wanda ya fi ka ƙarfi, kasuwarka tana hannunsa, ba tare da ka zama bawansa ba?

Firaminista Yoshida Shigeru ya fara da haƙuri. Ranar 8 ga Satumba 1951, a San Francisco, zamanin Shugaba Truman, ya sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya, a wannan rana kuma ya sa hannu kan ta tsaro, wadda ta bar sojojin Amurka a ƙasarsa. Yarjejeniyar ta karkata, domin ta ba Amurka sansanoni ba tare da ta wajabta mata kare Japan ba. Yoshida ya karɓa haka nan, ya maida ƙarfin ƙasarsa kan masana'antu da ciniki, dalar Amurka ɗaya tana tsaye a kan yen 360 tun 1949.

Da ƙasar ta miƙe sai aka koma teburi. Ranar 19 ga Janairu 1960 Firaminista Kishi Nobusuke, zamanin Shugaba Eisenhower, ya sa hannu kan sabuwar yarjejeniya: Amurka ta ɗauki nauyin kare Japan, ta kuma yarda da yin shawara da Tokyo kafin ta yi wani babban sauyi game da sojojinta da makamanta a ƙasar. Jama'a sun cika tituna da zanga-zanga, aka soke ziyarar da Eisenhower zai kawo a watan Yuni, Kishi ya sauka daga mulki. Yarjejeniyar kuwa tana aiki har yau. A watan Nuwamba 1969 Firaminista Sato Eisaku ya sami alkawarin Shugaba Nixon na maida tsibirin Okinawa, aka kuma cika shi ranar 15 ga Mayu 1972.

To amma inda rubutu bai kai ba, nan aka sha mamaki. Nixon ya ɗauka cewa Sato ya yi masa alkawarin rage tufafin da Japan ke tura wa kasuwar Amurka, Sato kuwa ya kasa shawo kan masu masaƙun ƙasarsa. Ranar 15 ga Yuli 1971 Nixon ya sanar da duniya cewa zai ziyarci ƙasar Sin, ba a gaya wa Sato ba sai ana saura ƴan mintoci. Bayan wata ɗaya, ranar 15 ga Agusta, ya raba dala da zinariya, ya ɗora harajin kashi 10 cikin 100 kan kayan da ke shiga Amurka, yen 360 ta zama tarihi. Hausawa na cewa abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. A wannan shekara an ɓoye wa Japan har sau biyu.

Darasin da ɓangarorin biyu suka ɗauka shi ne su riƙa kai rigimar ciniki teburi da lissafi a hannu. An daidaita batun tufafi da yarjejeniya. A 1981, da motocin Toyota, Nissan da Honda suka dami masana'antun Amurka, Japan ta yarda ta taƙaita abin da take turawa zuwa mota miliyan 1.68 a shekara. A watan Satumba 1985, zamanin Reagan da Nakasone, lokacin da aka shirya karya darajar dala a otal ɗin Plaza na New York, ministan kuɗin Japan yana zaune a wurin. Yen ta tashi daga wajen 240 zuwa kusan 120 a ƙarshen 1987, masu fitar da kaya sun ji jiki, amma sun san da zuwan abin. Cikin dukan wannan ja-in-ja ba a taɓa rufe tashar jiragen ruwa ba, ba a kuma jingine yarjejeniyar tsaro ba.

Inda alkawari bai kai ba

A nan ne hulɗar Nijar da Najeriya ta rage baya. Diori da Gowon sun rubuta batun wuta da ofishin haɗin gwiwa, amma ba su bar wata ƙa'ida mai ƙarfi da ta hana ɗaya rufe iyaka ba tare da ya shawarci ɗaya ba. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan ƙasa izinin shiga maƙwabciya ya zauna kwana 90 ba biza, amma a watan Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, fiye da mutum miliyan ɗaya, cikinsu har da ɗimbin ƴan cirani na Nijar.

A watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyakoki domin kada kuɗin da ke waje su koma cikin ƴan kwanakin da aka bayar na canji. Ƴan kasuwar da suka tara naira a wannan gefe suka wayi gari da takardun da ba su sayen ko goro. Daminar 1984 kuma ta ƙi, hatsin da aka saba samowa daga kudu ya tsaya a bayan sanda, har jama'a suka raɗa wa yunwar wannan shekara suna El Buhari. Sai a watan Maris 1986 Janar Babangida ya buɗe iyakar. Buhari kuwa ɗan Daura ne, maƙwabcin Matamaye na ƙut da ƙut, shi ne kuma ya sake rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 a kan fasa-ƙwaurin shinkafa. Wannan ya isa shaida cewa jini da harshe ba su tsare ƙofa idan shugaba ya ga maslahar ƙasarsa a wani wuri.

Gaskiya kuma ɗaya ce: Najeriya tana da abin kuka. Shekara da shekaru taba sigari, atamfa da shinkafar da ta hana shigowa suna sauka a Kwatano, su ratso Nijar da takardar wucewa, su koma mata ta bayan gida. Man fetur ɗin da ta riƙa sayar wa ƴan ƙasarta da rangwame a da ya riƙa fitowa a jarkoki, ana sayar da shi a bakin titi da sunan ruwa-ruwa. Kukan nan daidai yake da na Amurka a kan tufafi da motoci. Bambancin shi ne, can an zauna an yanka adadi, nan kuwa an yi shiru har ranar da aka saukar da sanda, mai laifi da marar laifi suka sha hukunci ɗaya.

Mafi tsanani shi ne na 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli wanda ya kawo Janar Abdourahamane Tiani, CEDEAO ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka kuma yanke wutar da ke zuwa tun 1976, har ana maganar turo soja. Waɗanda suka fara yayyafa wa wutar ruwa ba ƴan diflomasiyya ba ne. Ƴan majalisar dattawa na arewacin Najeriya sun ƙi amincewa da yaƙi, malaman addini suka yi ta kai da kawo, Muhammadu Sanusi na Biyu na Kano kuma ya gana da Janar Tiani a watan Agusta tare da rakiyar Mai Martaba Sarkin Damagaram. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyakar ta buɗe a watan Maris, amma Nijar ta riga ta sanar da ficewa daga CEDEAO, ficewar kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025.

Abin da ya rage a rubuta

Tun da rumfar CEDEAO ta daina rufe ƙasashen biyu tare, nauyin ya koma kan abin da Diori da Gowon suka bari, wato hukumar 1971. A watan Afrilu 2025 ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya zo Yamai ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, suka yi maganar farfaɗo da ita. Ga kuma aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda za ta bi ta Daura da Katsina, da aka ɗora harsashinta a watan Fabrairu 2021. Hanyar jirgi kuwa ba ta da amfani idan ƙofar da za ta bi tana iya rufewa a dare ɗaya.

Abubuwa uku ne tarihin nan ya nuna ana bukata, kuma dukansu sai an sa su a takarda. Na farko, wa'adin sanarwa: kada ƙasa ta rufe iyaka ko ta sauya kuɗinta ba tare da ta ba maƙwabciya lokacin da mai kaya a hanya zai isa, mai bashi ya karɓi nasa ba. Na biyu, a ware hatsi, magani, dabbobi da wutar lantarki daga rigimar siyasa, yadda ko shugabanni ba su ga maciji, asibiti ba zai kwana cikin duhu ba. Na uku, a ba ƙungiyoyin ƴan kasuwa, masu motocin sufuri da sarakunan bakin iyaka kujera a zaman hukumar, domin su ne suka san abin da ke wucewa da rana da abin da ke wucewa da dare; ita ma Nijar ta yarda a tattauna batun kayan da ke ratsa ta, tun kafin maƙwabciya ta fusata.

Ƙaramar ƙasa ba ta rasa abin ciniki. A 1968 Nijar ba ta da soja mai yawa, ba ta da dukiya, amma tana da abin da Gowon ke bukata: maƙwabcin arewa wanda ba zai juya masa baya ba. Diori ya bayar da shi a lokacin da yake da tsada, ya kuma karɓi ladansa a rubuce. Yau ma Najeriya tana bukatar dabbobi da wake da albasar Nijar, tana bukatar ruwan Kwara, tana bukatar haɗin kai a kan ƴan bindigar da ke yawo tsakanin Katsina da Maraɗi da waɗanda ke tafkin Cadi. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, shugabanni za su ci gaba da shiri da ɓatawa kamar yadda suka saba. Aikin da ke gaban masu mulki na Yamai da Abuja shi ne su rubuta ƙa'idar da za ta sa ɓacin ransu ya tsaya a fadarsu, kada ya sauko kan manomin wake na Kance da mai shago na Matamaye.